RA'AYINMU: Ɗakin Taron Firimason Ba Ya Aman Kuɗi

Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko Ƙonni zuwa Illela, ko mai cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan magana ba, ko dai a bakin direba, ko a teburin mai shayi, ko kuma cikin wayarsa ta salula. Saƙon kusan iri ɗaya ne kullum. Za ka ga hoton kamfas da sikwaya irin na magina, wani lokaci da ido guda a cikin alwatika, a gefe an jibge ɗaurin daloli da makullin mota, sannan a ce maka ƙungiyar Firimason, wadda masu Faransanci ke kira Faranmason, malamai kuma Masuniyya, ta buɗe ƙofa ga duk mai son rabuwa da talauci har abada. Abin da ake nema a wurinka ɗan kaɗan ne, in ji su, wato kuɗin rajista. Idan ka tura, sai a ce saura na walki da zobe. Idan ka tura wannan, sai a ce akwatin kuɗinka ya iso bakin iyaka, ƴan duwan sun riƙe shi, sai an biya. Haka za a yi ta tatsar mutum har ranar da jarinsa ya ƙare, kuma a ranar ce lambar wayar take daina shiga.

Wannan ita ce ɓarna ta farko. Ta biyu kuwa ta fi ta ciwo, domin a tsakaninmu take. Da zarar Allah ya buɗa wa wani ɗan kasuwa, ya tashi daga buhu goma ya koma cika tirela, sai a fara raɗe-raɗin cewa ai ya shiga ƙungiya, ya ba da wani abu. In kuwa aka yi rashin sa'a ɗansa ya rasu a wannan shekara, shi ke nan, masu magana sun samu hujja. Ba a tuna shekarun da ya yi yana kwana a tasha a kan kaya, sauro na cizonsa. Ɗan damfara da mai tsegumi daga rijiya ɗaya suke ɗibar ruwa, wato imanin cewa akwai wani ɗaki a wani wuri wanda in an shiga ake fitowa da dukiya.

Mu a wannan jarida ba ƴan wannan ƙungiya ba ne, ba mu kuma kira ga kowa ya shige ta. Amma muna ganin hanyar da ta fi dacewa a kashe wannan magana ita ce a tura ƙofar ɗakin a leƙa. Abin kuma mai yiwuwa ne, domin mutanen nan suna da wata ɗabi'a da ta tona masu asiri da kansu: zaman taronsu, da kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, da rigingimunsu, duk sai sun rubuta. Saboda haka muka zaɓi reshe guda, wanda kundin taronsa ya girmi na duk wani reshe da ke raye a yau, domin mu bi shi ɗaki bayan ɗaki. Shi ne na birnin Edinbara, babban birnin Sikotland a arewacin Birtaniya, wanda ake kira Mary's Chapel, mai lamba 1.

Su dai suna kiran reshe da sunan loj, kuma asalin kalmar ba wani abin tsoro ba ne. Rumfa ce da magina ke kafawa a gefen babban gini, inda suke sassaƙar dutse, su ajiye kayan aiki, su ci abinci. Ita ma kalmar mason ma'anarta magini mai aikin dutse. A shekarar 1475 hukumar birnin Edinbara ta bai wa magina da kafintoci takardar amincewa su zama ƙungiyar sana'a guda, ta kuma ware masu wani sashe a cikin babbar majami'ar St Giles, su riƙa kula da shi da kuɗin aljihunsu. Wurinsu na farko da aka sani ke nan, lungu guda a cikin coci. Da ƙasar ta juya wa ɗariƙar Katolika baya a 1560, aka kawar da irin waɗannan wuraren ibada na ƴan sana'a, su ma suka rasa nasu.

A ƙarshen 1598 wani mutum mai suna William Schaw, wanda shi ne mai kula da gine-ginen sarki James na Shida, a taƙaice dai sarkin maginan ƙasar, ya rubuta wa magina dokoki, ya kuma ƙara wasu a 1599. Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiyar sana'a zai gane su. Kada a ɗauki yaro koyon aiki na ƙasa da shekara 7. Kada ubangida ya tara yara fiye da 3 ba tare da izini ba. Kada wani ya shiga cinikin ɗan uwansa ya karɓe masa aikin da aka riga aka yi magana. Ubangidan da sakacinsa wajen ɗaure katakon da magina ke takawa ya sa wani ya ji rauni, ba zai sake shugabantar aiki ba. Tarar da aka ci kuma a kashe ta a ayyukan alheri. Daga wannan lokaci ne rassan suka fara ajiye kundi.

To, me aka rubuta a shafin farko na kundin reshen Edinbara? Wanda ke tsammanin jin labarin jini da aljanu zai sha mamaki. Ranar 31 ga Yulin 1599 aka gurfanar da wani magini a gaban shugabanni, laifinsa kuwa shi ne ya sa wani mutum da bai koyi sana'ar a hannun kowane ubangida ba ya yi masa aikin bututun hayaƙi na kwana biyu da rabi. Ya amsa laifinsa, ya ba da haƙuri. Da suka dubi halin da yake ciki da yadda ya sauke kai, sai suka yafe masa, tare da gargaɗin cewa duk wanda ya sake yin haka zai gamu da hukunci. Iyakar abin da ke shafin ke nan. Mun tabbata akwai shugabannin ƴan kasuwa da yawa a cikin masu karanta mu da suka yanke irin wannan shari'a a makon da ya gabata, a kan wanda ya kawo bare ya zauna a rumfar da ba tasa ba, ko wanda ya karya farashi a ɓoye.

Hatta kalmar sirri da salon musafahar da ake ta yamaɗiɗi a kansu, suna da dalili na sana'a. Magini mutum ne mai yawo, inda aiki yake can yake zuwa, kuma a wancan zamani ba takardar shaida yake riƙewa ba. Idan ya sauka a garin da ba a san shi ba, da kalmar da aka raɗa masa ranar da aka karɓe shi yake nuna cewa ya bi ta hannun magabata. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun san wannan matsala, domin su ma ba kowane baƙo maigidan zango ke bai wa kaya bashi ba, sai wanda ya zo da alama daga wanda aka sani.

A 1618 ƙungiyar magina da kafintoci ta sayi wani ƙaramin tsohon ɗakin ibada da ke cikin wani lungu mai suna Niddry's Wynd, wanda aka gina tun farkon shekarun 1500 da sunan Maryama mahaifiyar Annabi Isa. A nan reshen ya yi ta zama kusan shekara 170, daga nan kuma ya samo sunan da yake amsawa har yau. A wannan zamani ne abin ya fara sauya kama. Tun a 1600 kundin ya nuna wani mai gari da ba magini ba ya halarci zama. A watan Yulin 1634 aka karɓi wasu manyan fada guda uku. A watan Mayun 1641, lokacin da sojojin Sikotland suke riƙe da garin Newcastle na Ingila, wasu ƴan reshen da ke cikin rundunar suka karɓi wani babban hafsa mai suna Robert Moray, wanda daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan a 1660. Su maginan suna ganin ɗaukaka ce babban mutum ya zauna da su, ga shi kuma manya ne ke ba da kwangila. Su kuwa manyan, sha'awar tsofaffin al'adu da labarin gina haikalin Annabi Sulaimanu ce ta jawo su, tare da daɗin samun wurin zama inda za a ci a sha a saba da juna.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalinmu a duk tarihin. A cikin reshen akwai iyayen gida masu karɓar kwangila, akwai kuma ƙwararrun magina ƴan ƙodago da ke aiki a ƙarƙashinsu. Kowa yana zuba kuɗi a asusu, amma iyayen gida ne ke riƙe da makulli. Wajen 1708 ƴan ƙodagon suka koka cewa ba a kula da marasa lafiyarsu da matan da mazajensu suka rasu da marayunsu yadda ya kamata, sai suka buɗe nasu asusun, daga bisani suka ware gaba ɗaya. Iyayen gida ba su ɗauki abin da sauƙi ba. Aka ƙwace littattafan ƴan ƙodagon, aka sa aka tsare biyu daga cikinsu. Su kuma suka kai ƙara, har a 1715 masu sasantawa suka yanke cewa a mayar masu da littattafansu, kuma suna da ikon yin taronsu da karɓar sababbin mutane. Reshen da suka kafa yana nan har yanzu a Edinbara, lambarsa 8. Abin tambaya a nan shi ne, in da akwai akwatin da ke aman kuɗi a wannan ɗaki, me zai sa mazauna ɗakin su kwashe shekaru suna jan juna gaban alƙali a kan kuɗin jana'iza da na marayu?

Daga nan sai manya suka ci gaba da cika kujeru. A Landan, bisa ga tarihin da suka rubuta da kansu, rassa huɗu ne suka haɗu a wata mashaya ranar 24 ga Yunin 1717 suka kafa uwar ƙungiya ta farko, kuma yawancin rassan Ingila a gidajen giya da masaukai suke taro a wancan ƙarni, kowane da sunan mashayar ake saninsa. A 1721 ɗaya daga cikin jagororin Landan, wani malamin kimiyya mai suna Desaguliers, ya ziyarci Mary's Chapel, kuma a kwanakin ne aka karɓi magajin garin Edinbara da wasu ƴan majalisarsa. Ranar 30 ga Nuwamban 1736 wakilan rassa 33 suka taru a wannan ɗaki suka kafa uwar ƙungiya ta Sikotland. Da aka zo rabon lamba sai rigima ta tashi, domin reshen garin Kilwinning ya ce shi ne babba, amma takardunsa ba su wuce 1642 ba, na Edinbara kuwa sun kai 1599. Mai littafi ya ɗauki lamba 1. Kilwinning ya yi yaji na sama da shekara 60, sai a 1807 aka lallaso shi aka ɗora shi a saman jerin, abin da ya sa yau ake ce masa lamba sifiri. Dattawa masu furfura, amma a kan wa zai zauna a gaba.

A 1787 hukumar birni ta rushe ɗakin Maryama tare da lungun baki ɗaya domin a gina babbar gada ta kudu. Ba mu ji labarin wata kalmar sirri da ta tsayar da masu rusau ba. Reshen da ke taƙama da lamba 1 ya shafe fiye da shekara 100 ba shi da matsuguni na dindindin, daga wannan ɗaki zuwa wancan, sai a 1893 ya samu gida mai lamba 19 a titin Hill Street, inda yake har yanzu. Kafin lokacin, kujerun da aka kafa domin masu sassaƙar dutse sun koma hannun lauyoyi da likitoci da ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, walkin fatan da magini ke ɗaurawa domin kare tufafinsa ya zama kayan ado, kamfas da sikwaya suka zama alamun wa'azin ɗabi'a. Kuma shekaru da dama, idan watan Agusta ya zo, lokacin babban bikin wasanni na Edinbara, an sha mayar da ɗakunan wannan gida dandalin wasan kwaikwayo, duk mai tikiti ya shiga ya zauna.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa in kana son gane ciniki, ka dubi inda kuɗi yake fitowa da inda yake zuwa. A wannan ƙungiya daga aljihun mamba yake fitowa. Shi ke biyan kuɗin shiga, da na shekara, da na abincin dare bayan taro, da na kayan ado, da na sadaka, da na gyaran rufi. A Amurka mambobinta sun haura miliyan 4 a 1959, yau ba su kai miliyan 1 ba, kuma an sayar da manyan zaurukan taro da dama saboda an kasa ɗaukar nauyinsu. A watan Mayun 2025 hukumar birnin Nairobi ta Kenya ta garƙame zauren Firimason na birnin a kan harajin fili da ta ce ya kai shilin miliyan 19, su kuma masu ginin suka ce doka ta ɗauke masu wannan haraji. Ko ma wane ne mai gaskiya a cikinsu, mun ga dai ma'aikatan haraji ba su ji tsoron ƙofar ba. Abubuwan da ake yi ranar karɓar sabon mamba kuwa, da rufe ido da rantsuwa a kan littafi mai tsarki da sauransu, tun 1730 wani ya buga su a Landan aka sayar a kasuwa. Ita kuma Iluminati da ƴan damfara ke haɗawa da ita, wata ƙungiya ce dabam da aka kafa a Bavariya ta Jamus a 1776, hukuma ta murƙushe ta kafin ta cika shekara 10.

Jirgin ruwan Turawa ne ya kawo abin yankinmu. Faransawa sun buɗe reshe a Saint-Louis ta Senegal a 1781, Ingilishi suka buɗe a Cape Coast a 1810, sannan wani a 1859 wanda yake nan har yau, Legas ta samu nata a shekarun 1860. Uwar ƙungiyar nan da aka kafa a ɗakin Maryama ita ma ta ba da izinin buɗe rassa a Gana da Najeriya da Saliyo, kuma daga rassan Sikotland da na Ayaland ne aka haɗa uwar ƙungiya ta Gana a 2009. Da farko hafsoshi da akawun kamfanonin Turawa ne a ciki, daga baya lauyoyi da likitoci da attajiran bakin teku suka shiga. Ƙa'idarsu a ko'ina ita ce mutum ne ke nema da kansa, mambobi biyu da suka san shi su tsaya masa, a zauna da shi ido da ido, sannan a kaɗa ƙuri'a. Ba su aika wa baƙo saƙo a WhatsApp ko Facebook, kuma su da kansu sun sha fitar da sanarwar nesanta kansu daga masu yin haka. Duk wanda ya ce ka turo jika hamsin ya sa sunanka, ɓarawo ne tsagwaronsa.

To amma kada wani ya ɗauka wanke su muka zo yi. Akwai abin damuwa na gaske a bayan ƙofar, sai dai ba shi ne wanda ake faɗa a tasha ba. Abin shi ne sanayya. Idan alƙali da lauya da ɗan kwangila da babban jami'i suna haɗuwa duk wata a ɗakin da ba kowa ke shiga ba, sun kuma yi rantsuwar ƴan uwantaka, wanda ke waje yana da haƙƙin ya tambaya ko za a yi masa adalci ranar da shari'a ta haɗa shi da ɗayansu.

Laberiya ta ɗanɗana wannan. Zuriyar bayin da aka ƴanta a Amurka suka zo suka zauna a bakin tekun ƙasar tun 1822, waɗanda ba su wuce kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, su suka kafa uwar ƙungiya a 1867, su ne kuma suka riƙe mulki ta hannun jam'iyya guda daga 1878 har zuwa 1980. A shekarun 1970 yawancin manyan jami'an gwamnati mambobi ne, ƴan asalin ƙasar kuwa kaɗan ne ke samun shiga, kuma jama'a sun yi imani cewa a katafaren zauren da ke kan tudun birnin Monrobiya ake yanke al'amuran ƙasa kafin a kai su majalisa. A watan Afrilun 1979 aka kawo shawarar ƙara kuɗin buhun shinkafa, alhali iyalin shugaban ƙasa William Tolbert suna cikin manyan manoman shinkafa. Mutane suka fito kan titi, aka harbe gommai. Ranar 12 ga Afrilun 1980 wani saje mai suna Samuel Doe ya yi juyin mulki, aka kashe Tolbert, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar, bayan kwana 10 aka ɗaure manyan jami'ai 13 a bakin teku aka harbe, aka kuma haramta ƙungiyar na wasu shekaru. Babu wani adalci da ya biyo baya, domin yaƙin basasar da ya ɓarke a 1989 ya ci rayuka kimanin 250,000 kafin ya ƙare a 2003. Shi kuwa zauren ya zama fagen daga, daga baya dubban mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu suka tare a cikin kangonsa, sai wajen 2005 aka fitar da su.

Italiya ma ta ga nata. A watan Maris na 1981 masu bincike suka gano jerin sunaye 962 a hannun Licio Gelli, shugaban wani reshe mai suna P2 wanda ya daɗe da kauce wa ƙa'idar uwar ƙungiyarsa. A ciki akwai ministoci da ƴan majalisa da janar-janar da shugabannin leƙen asiri da alƙalai da masu banki da ƴan jarida, har da shugaban rundunar da aikinta shi ne yaƙi da fasa-ƙwauri da ƙin biyan haraji. Gwamnati ta faɗi cikin ƴan watanni. Masu karatunmu da ke kwana a bakin iyaka suna jiran a sa hannu a takarda, yayin da motar wani ke wucewa ba a ko ɗaga tamfol ba, ba su bukatar mu yi masu dogon bayani a kan abin da wannan ke nufi. Ba mu ce wannan ƙungiya ce ke bayan abin da suke gani ba, domin sanayya tana da ƙofofi da yawa, ta jam'iyya da ta surukuta da ta tsofaffin ɗalibai. Amma dai irin cutar ɗaya ce.

Ƙasashe sun gwada magani iri-iri. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ƴancin addini bai haɗa da shiga ƙungiyar asiri ba, ya kuma hana ɗan irin wannan ƙungiya tsayawa takara, ko da yake ƴan Firimason suna cewa sunan bai hau kansu ba. A Ingila daga 1998 zuwa 2009 an wajabta wa sababbin alƙalai su bayyana ko su mambobi ne, kafin a janye dokar. A Gana tsohon shugaban ƙasa John Kufuor bai taɓa ɓoye cewa shi mamba ba ne. A ganinmu bayyanawar ce ta fi haramci amfani, domin abin da aka haramta yakan koma ƙarƙashin ƙasa ne kawai. Muna kira ga majalisun ƙasashenmu su wajabta wa alƙalai da manyan jami'an duwan da masu raba kwangila da rumfunan kasuwa su rubuta duk wata ƙungiya mai rantsuwa da suke ciki, kowace iri ce, a takardar da ɗan ƙasa zai iya nema ya gani, kuma wanda shari'a ta haɗa shi da ɗan ƙungiyarsa ya tashi ya bai wa wani kujerar.

Ta fuskar addini kuwa maganar ba ta da tsawo. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1978 ta yanke cewa shiga Masuniyya bai halatta ga Musulmi ba. Cocin Katolika ya hana mabiyansa tun 1738, ya sake nanatawa a 1983 da 2023. A Dakar, a farkon 2018, matsin lambar ƙungiyoyin addini ya sa aka fasa wani babban taron ƴan ƙungiyar na ƙasashen Afirka da aka shirya yi a wani otal. Wannan ya isa ga mai neman hukunci. Sai dai addinin da ya hana shiga shi ne kuma ya hana a ɗora wa mutum abin da ba a gani ba, kuma muna roƙon malamanmu masu wa'azin ranar kasuwa su riƙa haɗa biyun a zama ɗaya. Wa'azin da ke kwatanta ƙungiyar a matsayin mai raba dukiya ga duk wanda ya sayar da imaninsa, ba tare da mai yinsa ya sani ba, talla yake yi wa ɗan damfara, domin yaron da bashi ya kai wa wuya rabin farko kawai yake ji.

Sauran aikin na shugabannin kasuwa ne. Takardun da ake liƙawa a jikin turakun lantarki da bangon tasha, masu lambar waya da alƙawarin arziki, a sa yara su ciccire su, a kai lambobin ga hukuma da kamfanonin waya. Mun san abin da ke hana waɗanda aka cuta magana: kunya ce, domin kai ƙara tamkar amsa cewa ka so shiga ne. Ƴan damfara sun san da haka, shi ya sa suka zaɓi wannan hanya, wani lokaci ma su dawo suna barazanar tona wa mutum asiri in bai ƙara turo wani abu ba. Ya kamata kowace ƙungiyar ƴan kasuwa ta ware dattijo guda mai riƙon amana wanda za a iya samu a keɓe, ya raka mutum wurin ƴan sanda ko jandarma ba tare da kasuwa ta ji ba. Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada ya goge saƙonnin saboda haushi, kada ya yar da rasit ɗin tura kuɗin, domin lambar da ke jikinsa da sunan wanda ya karɓa su ne abin da mai bincike zai fara tambaya.